Kuɗin Man da Ka Daina Saye, Ina Suka Shiga?

Tambaya: Malam, ina da shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara a Tashar Dukku, cikin Gombe. Bayan cire tallafin mai a 2023 na sayar da janareta na sa sola: faranti takwas, inbata, da batura huɗu masu ruwa. Da lita biyar nake ƙonawa kullum, na huta. Yanzu baturan sun gaji, kafin isha'i wuta ta ɗauke. Sababbi kusan miliyan ɗaya, ni kuma ba ni da ita. Abokina ya ce in ci bashin banki in gyara, ragowar mu haɗa jari mu riƙa shigo da faranti daga China, wai can arziki yake yanzu. Mece ce shawararka?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar China tukuna. A wasiƙarka akwai kalma biyu da suka tsaya mini a rai: "na huta". Wannan hutun ne ya kawo ka inda kake.

Mu yi lissafi da bakinka. Lita biyar a rana, ko a naira 600 muka sa ta, 3,000 ke nan. Shekara biyu, kuɗin sun haura miliyan biyu, kuma na yi maka rangwame, don kai ma ka san lita ta wuce naira dubu a ƙarshen 2024. Ina suke? Na tabbata ba sace su aka yi ba. Sun bi ta cefane da suna da biki, ƙila da sabon babur. Ka ga kuɗin da ake kai wa gidan mai sun tsaya a aljihunka, ka kira su riba. Alhali kusan rabinsu na batir ne, amana ce ya ba ka. Raba miliyan ɗaya gida 730, za ka samu kamar 1,400. Abin da baturanka ke ci ke nan kowace rana tun daren da aka haɗa su. Janareta mai bin bashi ne marar kunya, kullum da safe yana bakin ƙofa. Batir kuwa shiru yake yi, ya tara, rana ɗaya ya zo ya ce a biya shi gaba ɗaya.

Ka tuna Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka yi sama da mako a duhu? Masu irin shagonka ne suka ci kasuwa, waya a kan waya, ƙanƙara sai da layi. Nawa ka samu a kwanakin nan? Idan ba za ka iya buɗe littafi ka nuna mini ba, to ba ka san ko shagon yana ciyar da kai ko kai kake cinye shi ba. Mutumin da bai san wannan ba, bashin banki ba taimako ba ne a gare shi, ƙarin rami ne.

Na taɓa zuwa wajen wani mai gidan kallon ƙwallo a Kumo, da kuka irin naka. Na ce a nuna mini baturan. Aka buɗe wani ɗan ɗaki mai rufin kwano ba taga, tsakiyar Afrilu, zafi ya daki fuskata kamar na leƙa tanderu. Biyu sun kumbura, kawunansu duk farin gari. Na tambayi yaron shagon ruwan da yake zubawa, ya nuna mini jarkar 'yan garuwa, maimakon tataccen ruwan batir. A gefe ga dutsen guga a jone. Maigidan ya rantse algus aka sayar masa. Babu algus ko ɗaya, shi ya dafa su da hannunsa. Batir mai ruwa an auna ƙarfinsa ne a zafi na digiri 25, duk ƙarin kamar digiri goma yana raba kwanansa biyu, mu kuwa a bazara muna taɓa 40. Sannan ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Batir mai lamba 200Ah a bolt 12 yana riƙe yunit 2.4 na wuta (kilowat-awa), naka a ciki 1.2 ne kawai. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare, da kansa yake rage masa kwana.

Abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce akwai arziki a hasken rana. Farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince wa Najeriya da dala miliyan 750 don irin wannan wuta. Amma duba su wa suka ci moriya a wasu ƙasashe. A Kenya, kamfanin sayar da sola na M-KOPA ya yi ƙarfi ne saboda ya sa mutane biyan kuɗi kaɗan-kaɗan kullum ta waya, wanda bai biya ba wutarsa ta tsaya. A Bangaladash an sa sola a gidaje sama da miliyan huɗu ta hanyar bashi, daga baya wutar gwamnati ta isa ƙauyuka, karɓar biya ta yi rauni, harkar ta ja baya. Ko'ina ka duba, mai ƙirga kuɗin yau da kullum ne ke tsira.

Shigo da kaya kuwa, a taƙaice: a'a. Kayan da farashinsa ke sauka, ka saye shi da dala, ka biya kwastan da mota daga Legas, ka zo ka yi gogayya da dilolin kasuwar Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano masu sauke kwantena-kwantena? Kuma da kuɗin ruwa a wuyanka? Wanda bai iya riƙe akuya ba, ba a ba shi raƙumi.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Farantanka lafiyarsu ƙalau, irinsu na yin shekara ashirin da wani abu, kawai a riƙa goge musu ƙurar hunturu. Mai da aikinka na rana: firiza ta yi ta aiki daga hantsi zuwa la'asar, ta daskare, magariba ka kashe ta ka daina yawan buɗewa. Dare ya zama na caji da ƙwai biyu na haske. Ka kira mai gyara na gari, ba wanda ya sayar maka ba, ya auna baturan ɗaya-ɗaya, ya kuma duba ko inbatarka za ta tashi da biyu. Kada ka yarda a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Na lithiyam ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure caji sau dubbai, shi za ka nufa idan ka tara.

Daga gobe, kafin ka taɓa ko sisi na cefane, cire 1,500 ka sa a wani asusu daban wanda katinsa ba ya aljihunka, ko ka zuba adashi wurin wanda ba ya jin kunyarka. Rubuta a littafi, da kwanan wata. Matattun baturan kuma kada ka bar yara su fasa su, dalma ce a ciki, guba ce. Masu sayen tsofaffin batura na biyan kuɗi mai ɗan auki a kansu. Ka tambayi mutum uku kafin ka sallama, abin da aka ba ka shi za ka fara rubutawa a shafin farko.