Dragon Quest XI: a saya ko a haƙura?

Tambaya daga wani matashi a Zariya: Ni ƙwallo na saba bugawa a PS4. Abokina ya ara mini kaset ɗin Dragon Quest XI, na yi kamar awa biyu a kai, na ga surutu ya yi yawa, faɗan kuma sai ka zaɓi abin da za ka yi sannan ka jira. Zai karɓi kayansa, amma wani mai shago yana da na hannu. In saya?

Ƙanena, a awa biyu ko ƙofar gida ba ka wuce ba. Wasan yana buɗewa ne a ƙauyen Cobblestone, inda za ka hau dutse tare da ƙawarka ta ƙuruciya da wani kare, kana dukan 'yan halittun nan masu shuɗi da ake kira Slime. A nan umarni ɗaya ko biyu kawai gare ka, dole ka ji abin ba armashi. Labarin ba ya tashi sai ka isa birnin Heliodor. Ka je gaban sarki kana tsammanin karramawa, sai ya sa a jefa ka kurkuku. A can za ka haɗu da ɓarawo Erik, ku gudu tare.

Faɗan bi-da-bin da ya dame ka kuwa shi ne gishirin wasan, sai dai ba ya nuna kansa sai ayarinka ya cika. Idan 'yan'uwan nan biyu mata suka shigo, Veronica mai jefa wuta da Serena mai warkarwa, kowane zagaye sai ya zama shawara: in warkar da Erik yanzu, ko in yi kasadar ƙara duka ɗaya? Kamar dara ne, mai gaggawa shi ake ci. Tun 1986 da Yuji Horii ya fara wannan jerin wasanni a Japan a kan wannan tsari manyan fitowarsa suke, sai ƙalilan, kuma da gangan ne. Zanen mutanen ma na marigayi Akira Toriyama ne, wanda ya rasu a 2024.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Farkonsa ya cika sauƙi. Maganin wannan shi ne Draconian Quest, inda za ka ƙara wa dodanni ƙarfi, amma sai a wurin fara sabon wasa ake kunna shi. Za ka iya kashe shi daga baya, ba za ka iya sake kunnawa ba.

Sai batun kuɗinka. Kafin ka biya, duba bangon kaset ɗin. Tsohon ya fito a Japan a 2017, ya iso sauran duniya a 2018. Akwai kuma mai harafin S, wanda ya fara fitowa a Switch (na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo) a 2019, ya zo PS4 da Xbox One da kwamfuta a Disamba 2020. Mai S nake so ka nema: ana iya ƙara saurin faɗa, kiɗansa na cikakkiyar tawagar makaɗa ne, an kuma ƙara wa abokan tafiyarka labarai. Tsohon ya ɗan fi shi kyan hoto, amma inda ka tsaya a tsohon ba ya komawa cikin sabon. Abin da ya fi komai, kamfanin Square Enix ya saki na gwajin mai S kyauta, mai kai wa kusan awa 10, kuma idan ka sayi cikakken daga inda ka tsaya za ka ɗora. Sauke shi tukuna. Idan ka kai ƙarshensa hankalinka bai kwanta da shi ba, riƙe kuɗinka, domin cikakken wasan yana cin fiye da awa 60 a kan wannan salon.

Tambaya daga wata uwa a Maraɗi: Ɗana mai shekara 13 yana da Switch, ya ce in saya masa wannan ko Persona 5 Royal. Faransanci yake ji. Wanne ya dace?

Hajiya, duka biyun suna da rubutun Faransanci, amma Persona ba na shekarunsa ba ne. Hukumar PEGI ta Turai, mai ƙayyade shekarun da suka dace da kowane wasa, ta ware shi ga 'yan 16 zuwa sama, kuma babin farkonsa a kan malamin makaranta ne mai cin zarafin ɗalibai a Tokiyo. Wasa ne mai kyau ƙwarai, amma ya jira tukuna. Dragon Quest XI na 'yan 12 ne. Duk da haka gara ki san abin da ke ciki: akwai gidan caca, ko da yake da kuɗin cikin wasa ake yi, akwai wasu tufafin mata da barkwanci da ba su dace da tarbiyyarmu ba, akwai tsafi irin na tatsuniya, kuma a majami'a ake adana wasa. Ki zauna kusa da shi yayin da yake buga na gwajin, ki gani da idonki kafin ki yanke shawara.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano: Idan aka ɗauke wuta fa? Kuma yana shan data?

Ɗan'uwa, da zarar ka gama saukewa ba ya buƙatar intanet, sai dai saukewar tana cin gigabait da yawa, don haka ka nemi wurin da ke da Wi-Fi ko ka sayi kaset. Wasan yana adana kansa idan ka shiga sabon wuri, amma kada ka dogara da hakan kaɗai. Duk sansanin da ka tarar a daji akwai mutum-mutumi a gefensa, adana a nan kafin ka tunkari babban dodo. Idan wutar unguwarku ba ta zama, na Switch ya fi maka, tunda yana da batirinsa.