Harawata tana zama tsinke kafin bazara, ina mafita?

Tambaya: Ina kiwon shanun turke a Kware. Duk kaka nakan tara harawar wake da ta gyaɗa a kan soro, amma kafin bazara sai ta yi fari, ganyen ya kakkaɓe, shanu su shinshina su bar ta. Yaya zan adana ta? Na kuma ji ana binne ɗanyen ganye a rami, ko zai yiwu da wake?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a kiwo. Amfanin harawa yana cikin ganyenta ne. Harawar wake mai ganye takan ɗauki furotin, wato sinadarin gina jiki, sama da kashi 12 cikin 100, alhali karan dawa da wuya ya wuce kashi 5. In ganye ya zube, abin da ya rage bai fi kara da komai ba.

Tun a gona ake fara asara. Da an gama roron wake a yanke shi yana kore, kada a jira ya bushe a tsaye. Gyaɗa ma haka, da an tuge an tsinke 'ya'ya. A shanya kwana 2 zuwa 3 ana juyawa, sannan a ƙarasa a inuwa. Ɗauri kuwa da sassafe ake yinsa, lokacin da raɓa ta sa ganye ya yi laushi. Wanda ya ɗaure dami da tsakar rana zai bar rabin ganyen a ƙasa. Kafin ka tara, murɗa ɗan kaɗan a hannu: in ka ji danshi ko sanyi a kara, bai yi ba tukuna.

Soron nan shi ne babbar matsalarka. Na san ana ɗorawa can ne saboda awaki da gara, amma ranar Sakkwato da iskar hunturu na wata biyar suna cinye koren ganye tare da bitamin A da ke cikinsa. Yi rumfa mai tsawo, ka jera damman a kai, ka rufe sama da zana, ka bar gefe iska na ratsawa. In dole sai soro, to a lulluɓe ta. Damin da ya yi funfuna a fitar da shi, musamman na gyaɗa, domin gubar aflatoksin da funfuna ke haifarwa tana iya bi ta cikin nonon saniya har ta kai ga yara.

Binnewa a rami, wato sailej, yana yiwuwa, sai dai wake da lablab, wato wani irin wake da ake nomawa don dabbobi, ba su da zaƙin da zai sa su yi tsami da kyau, su kaɗai sukan ruɓe. Sai an bar su sun yi yaushi, an sassara, an haɗa da ɗanyar masara, an tattake sosai, an rufe da leda ba kafar iska har mako 6. A ganina wannan ya fi dacewa da masu noman rani a Goronyo da Wurno. Kai da iska ke busar maka kyauta daga Oktoba, harawa ta fi maka sauƙi.

Wajen bayarwa, kada ka zuba ta a ƙasa. Sa a kwami, kilo 1 zuwa 2 ga kowane sa a rana, tare da yankakken kara da dusa, ka kuma haɗa da garin ganyen da ya taru a gindin rumfa.