Tambaya da Amsa: Jirgin fasinja a sararin ƙasar da ake yaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Tudun Wada, Kaduna, kuma ina shirin raka mahaifiyata Umra. A shekarar 2023 mun raka ƙanena sansanin alhazai na Mando, da ya dawo daga aikin Hajji sai ya ba mu labarin cewa jirginsu bai ratsa Sudan ba saboda yaƙi, sai da ya yi dogon zagaye har tsofaffi suka galabaita da zama. Wani abokina ya ce wannan tsoro ne kawai da neman ƙarin kuɗi, domin jirgin fasinja yana tafiya ne can ƙololuwa, inda harsashi ba ya kaiwa. Shin gaskiya ya faɗa? Kuma wane ne yake yanke hanyar da jirgi zai bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibadar Hajiya. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ya ci rayukan ɗaruruwan mutane.

Gaskiya ne cewa jirgin da ya gama hawa ya daidaita yakan yi tafiya tsakanin ƙafa 30,000 zuwa 40,000 daga ƙasa, kuma harsashin bindiga ba ya kai wa nan, haka ma ƙaramin makami mai linzami da mutum ɗaya yake saɓawa a kafaɗa. Amma yaƙin zamani bai tsaya ga abin da ake saɓawa a kafaɗa ba. Akwai manyan makamai masu linzami da ake ɗorawa a kan motocin yaƙi, masu na'urar hangen jirage, waɗanda aka ƙera su musamman domin kakkaɓo abin da ke tafiya a wannan nisan, har ma da sama da shi.

Wannan lissafi na abokinka shi ne ainihin lissafin da aka yi a Yukiren a 2014. A lokacin ana gwabzawa a gabashin ƙasar tsakanin sojojin gwamnati da 'yan aware masu samun goyon bayan Rasha, sai hukumomin ƙasar suka rufe sararin yankin daga ƙasa zuwa ƙafa 32,000, suka bar abin da ke sama a buɗe, a bisa zaton cewa makaman da ke wurin ba za su kai can ba. Ranar 17 ga Yuli, jirgin Malaysia Airlines mai lamba MH17 ya taso daga Amsterdam zuwa Kuala Lumpur, yana tafiya a ƙafa 33,000, wato ƙafa 1,000 kacal sama da iyakar da aka shata. Bai karya wata doka ba. Makami mai linzami samfurin Buk ya same shi, mutum 298 da ke ciki duka suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Holan, a rahoton da ta fitar a watan Oktoba 2015, ta ce akwai isassun dalilan da suka kamata su sa a rufe sararin baki ɗaya, domin kwana uku kafin nan an harbo wani jirgin dakon soja a yankin yana tafiya a nisa mai yawa. Rahoton ya kuma nuna cewa a wannan ranar jiragen fasinja 160 ne suka ratsa yankin, kowanne yana ganin tunda an bar hanya a buɗe, kuma ga wasu suna bi, ai lafiya lau ce.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. A ƙarƙashin yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sufurin jiragen sama, kowace ƙasa ita ce mai iko da sararin samaniyarta, ita ce kuma mai rufewa ko buɗewa. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal, tana tsara ƙa'idoji, amma ba ta da ikon rufe sararin wata ƙasa. A ganina nan ne tsarin yake da rauni, domin an ɗora alhakin gargaɗi a kan wanda ya fi kowa dalilin yin shiru. Gwamnatin da ke yaƙi ba ta son duniya ta san cewa wani yanki ya kuɓuce mata, sannan kowane jirgin da ya ratsa sararinta yana biyan kuɗin wucewa, wanda ba ta son rasawa a daidai lokacin da aljihunta ya fi buƙata. Kamfanin jirgi kuma yana lissafin mai, da awannin ma'aikata, da fasinjojin da za su rasa jirgin gaba idan aka makara. Shi ya sa wasu ƙasashe, irin su Amurka da Birtaniya, da kuma hukumar tsaron jirage ta Tarayyar Turai, suke fitar wa kamfanoninsu nasu gargaɗin ko haramcin, ko da ƙasar da ake yaƙin ta ce hanya a buɗe take. Daga ƙarshe kamfani ne yake tsara hanya, matuƙi kuma yana da ikon ƙin tashi idan bai gamsu ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a cikin wannan lamari shi ne kuskure, domin da yawa daga cikin jiragen fasinjan da aka harbo ba a yi niyyar harbo fasinja ba. Sojan da ke zaune gaban na'urar hangen jirage ba ya ganin tagogi, ba ya ganin tsohuwa da carbinta ko jariri a cinyar uwarsa. Ɗigo ne kawai yake gani yana matsowa a kan allo, ga shi an gaya masa abokan gaba na iya kawo hari kowane lokaci, ga daƙiƙoƙi kaɗan da zai yanke shawara a cikinsu. Haka ta faru ranar 3 ga Yuli 1988, lokacin da jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo jirgin Iran Air da ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai, mutum 290 suka halaka. Haka kuma ta sake faruwa ranar 8 ga Janairu 2020, amma a wannan karon dakarun juyin juya halin Iran ne suka harbo jirgin Yukiren 'yan mintoci bayan tashinsa daga Tehran, da mutum 176 a ciki. 'Yan sa'o'i kafin nan Iran ta harba makamai kan sansanonin sojan Amurka a Iraƙi domin ramuwar kisan da Amurka ta yi wa babban kwamandanta Janar Ƙasim Sulaimani, tana kuma zaman jiran martani, amma duk da haka ba ta dakatar da tashin jiragen fasinja ba. Sai da aka kwana uku ana musu kafin ta amsa cewa ita ce ta harbo shi.

Akwai kuma wani ɓangare da fasinja ba ya tunawa. Jirgin da ke ƙafa 35,000 ba shi da tabbacin zama a can har ƙarshen tafiya. Idan iskar da ake shaƙa a ciki ta samu matsala, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa wajen ƙafa 10,000, idan kuma inji ɗaya ya mutu, ko wani fasinja ya yanke jiki ya faɗi, dole a nemi filin sauka mafi kusa. To idan filin da ya fi kusa shi ne na Khartum fa? Ranar 15 ga Afrilu 2023, ranar da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na ƙasar da ake kira RSF, filin jirgin Khartum na cikin wuraren farko da aka yi artabu, har harsasai suka samu wani jirgin Saudiyya da ke shirin tashi da fasinjoji. Hanyarmu ta asali zuwa Jidda, daga Kaduna ko Kano, tana bi ne ta Chadi, ta ratsa tsakiyar Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Da aka rufe sararin Sudan sai jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi. Ban ce ba a samun mai fakewa da guzuma ya harbi karsana a harkar kuɗin kujera ba, amma zagayen da ƙanenka ya yi ba ƙirƙirarsa aka yi ba, kuma ciwon bayan awa biyu ya fi sauƙi a kan abin da ake gudu.

Game da tafiyarku, ka tambayi wakilin da ya yanka muku tikiti ko jirgin kai tsaye ne ko zai yada zango, kuma a wace ƙasa. Kana iya duba lambar jirgin a manhajar Flightradar24 ka ga hanyar da ya bi a 'yan kwanakin baya. Idan an zauna, allon da ke bayan kujera zai nuna maka taswira da ɗan hoton jirgi yana tafiya a kan layi. In ka ga layin ya lanƙwasa maimakon ya miƙe, ka kwantar wa Hajiya da hankali, ka sa ta riƙa miƙe ƙafa tana ɗan takawa lokaci zuwa lokaci, magungunanta kuma su kasance a jakar hannu.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Kaduna, kuma nakan bi jirgi zuwa Legas. Tunda 'yan bindigar daji sun taɓa harbo jirgin soja, me zai hana su harbo na fasinja?

AMSA: Malama, abin da kike nufi ya faru ne a watan Yuli 2021, lokacin da 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet na rundunar sojan sama yana dawowa daga farmaki a iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya yi tsalle da lema ya tsira. Jirgin yaƙi yakan sauko ƙasa-ƙasa ne domin ya ga abin da zai kai wa hari, shi ya sa manyan bindigogin da suke ɗorawa a kan mota ko babur suke iya samunsa. Jirgin Legas yakan wuce inda waɗannan bindigogi suke kaiwa cikin 'yan mintoci da tashi. Saboda haka a nan gida wurin da ya kamata a sa wa ido shi ne filin jirgin da dajin da ke kewaye da shi, inda jirgi yake tashi da sauka a hankali kusa da ƙasa. Mutanen Kaduna ba su manta da ranar 26 ga Maris 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kai hari ta wajen titin tashin jirage na filin jirgin Kaduna, suka kashe wani mai gadi, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Bayan wannan harin wasu kamfanoni sun dakatar da zuwa Kaduna na wani lokaci.