Sabuwar dokar lantarki za ta kai wuta ƙauyenmu?

Tambaya: Ina da injin casar shinkafa a wani ƙauye kusa da Auyo a Jihar Jigawa, kuma kuɗin dizal ne ke cinye ribata. An ce yanzu jihohi na da ikon samar da lantarki. Yaushe za mu gani a ƙasa?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. A watan Maris na 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, sannan a watan Yuni Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005. Yanzu jiha na iya samar da wuta ta kuma rarraba ta ko a yankin da babban layin ƙasa ya ratsa. Sai dai dole majalisar jiha ta fara yin tata dokar, a kafa hukumar sa ido, kafin NERC, hukumar sa ido kan lantarki ta ƙasa, ta miƙa mata ragama. Kuma da yake KEDCO, kamfanin rarraba wuta na yankinku, ta haɗa Kano da Jigawa da Katsina, sai an ware reshe na musamman ga jihar da ta karɓa. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne.

A ganina, abin da ya fi kusa da injinka shi ne ƙaramar tashar hasken rana ta gari, domin ƙa'idar NERC ta sauƙaƙa wa irin waɗannan ƙananan tashoshi. Mai zuba jari yana neman garin da ake shan wuta da rana, lokacin da farantan suka fi bayarwa, kuma masu casa da niƙa da walda da manoman rani masu injin ban ruwa su ne irin abokan cinikin da ke riƙe tasha. Fitilun gida kaɗai ba sa mayar da jari. Wanda ya ga duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya san hatsarin dogaro da hanya guda.

Saboda haka ku haɗu ku rubuta yawan injunan garin da litar dizal da kowa ke ƙonawa a mako, dagaci ya sa hannu, ku miƙa wa hukumar samar da lantarki a karkara, REA. Kada kuma ku amince da yarjejeniyar da ba ta fayyace farashi da mita ga kowane shago ba.