Tambaya da Amsa: Ƙaramin Kan Jirgin da Ba Ya Barin Tasha

Tambaya: Na ga hoton wani guntun kan jirgin ƙasa na Birtaniya, mai ƙafafu shida da zanen rawaya da baƙi a goshinsa, aka ce sunansa Class 08 kuma ya haura shekara sittin yana aiki. Mene ne aikinsa, kuma me ya sa ba a yi ritayarsa ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Aikinsa shi ne abin da ma'aikatan reluwe suke kira shantin, wato jan taragai da tura su daga wannan layi zuwa wancan a cikin tasha, har a haɗa jirgi guda wanda babban kai zai ɗauka ya kama hanya. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera guda 996 daga 1952 zuwa 1962, a masana'antunta na Derby da Crewe da Darlington da Doncaster da Horwich, bisa tsarin da kamfanin jiragen ƙasa na LMS (London, Midland and Scottish) ya riga ya gwada tun kafin a mayar da reluwe hannun gwamnati a 1948.

Injinsa na dizal ne, ƙirar English Electric, mai ƙarfin doki 350, amma ba shi ne yake juya ƙafafun kai tsaye ba. Janareta yake juyawa, wutar da ta samu ta tafi ga injinan lantarki biyu masu juya ƙafafun, sannan wani sandan ƙarfe da yake a kowane gefe ya ɗaure ƙafafu uku wuri guda, ta yadda duk wanda ya tsaya kusa zai ga sandan yana hawa yana sauka kamar na tsohon jirgin kwal. Gudunsa bai wuce kilomita 24 a awa ba, wasu kuma 32, kuma da gangan aka yi haka, domin an sadaukar da sauri ne a sami ƙarfin tayar da dogon jerin taragai masu nauyi daga tsaye. A ganina, wannan shi ne mafi hikima a ƙirarsa, tun da mai haɗa taragai yana tsaye ne a ƙasa dab da su, kuma abin da yake buƙata daga direba shi ne ya matso a hankali, taku bayan taku, ya tsaya daidai inda aka ce.

Kan jirgin kwal da Class 08 ya gada sai an hura masa wuta na awoyi kafin tururi ya taru, ga kwasar toka da ɗurin ruwa, alhali wannan ana tayar da shi ne a kama aiki. Daga shekarun 1960 aka rufe layuka da tasoshin kaya da dama, kaya kuma suka koma manyan motoci, shi ya sa aka yanka da yawa daga cikin kawunan Class 08 aka sayar da ƙarfen. Waɗanda suka rage suna aiki a garejin jirage da tasoshin jiragen ruwa da layukan tarihi, inda turawa masu sha'awar jirage suke yi masa laƙabi da “Gronk”, kuma gyaransa bai gagari makanikai ba saboda sauƙin ƙirarsa da yawan kayan gyaran da aka ciro daga 'yan'uwansa.