Ƙanena ya firgita bayan ya buga gem ɗin fatalwar makaranta: da gaske akwai aljani a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga tsofaffin gem a waya da PPSSPP, manhajar da ke buɗe gem ɗin PSP, ƙaramar na'urar gem ta hannu. Ƙanena ɗan shekara 12 ya ɗauki wayata ya buga Corpse Party ban sani ba. Yanzu ba ya zuwa banɗaki shi kaɗai da dare, yana farkawa a firgice. Sau ɗaya yana kallon wayar sai ya ƙame, hannunsa na rawa kusan minti ɗaya. An turo wa mahaifiyarmu sautin murya a WhatsApp cewa Japanawa na saka aljanu a irin waɗannan gem, wani mutum kuma ya ce a kawo kuɗi ya cire masa. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya kwantar wa Mama da hankali. Kada ku ba mutumin nan ko sisi.

Gem ɗin da ka ambata wani matashi ne mai suna Makoto Kedouin ya fara haɗa shi a 1996 a kwamfutar PC-98, da manhajar haɗa gem ta RPG Maker wadda kowa zai iya saya. Wanda ke wayarka sabuntawa ce ta PSP da ta fito a 2010. Tsafin 'yartsanar takarda da ɗaliban cikin gem ɗin ke yagawa a farkon labarin, marubucin ne ya ƙirƙire shi don ya samu hanyar jefa su cikin wata tsohuwar makaranta mai fatalwa. Haka sauran gem irinsa suke. Gakkou de atta Kowai Hanashi na 1995 a na'urar gem ta Super Famicom ɗalibai shida ne ke ba ka labari ɗaya bayan ɗaya, ana jiran na bakwai bai zo ba. Twilight Syndrome na 1996 'yan mata uku ne ke bin diddigin jita-jita a makarantarsu da dare. Dukansu daga rijiya ɗaya suka ɗebo: almarar da yaran Japan ke ba juna, irin su fatalwar yarinya Hanako da ake ƙwanƙwasa mata ƙofa ta uku a banɗakin hawa na uku, da fiyano mai kiɗa ba kowa a kai, da "abubuwan mamaki bakwai" da aka ce duk wanda ya san na bakwai zai gamu da masifa. Wani malamin makaranta, Toru Tsunemitsu, ya tattara irinsu daga bakin ɗalibai ya wallafa a 1990, daga nan kasuwarsu ta buɗe. Duk wanda ya yi makarantar kwana a nan ya ji labarin matar nan mai takalmin ƙwas-ƙwas da ke yawo a ɗakin kwana. To, irinsa ne, sai dai su sun mai da nasu haja.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganar "an saka aljani a ciki". Kusan kullum sai an turo mini ita, kuma ban taɓa ganin mai turowa da ya iya faɗin sunan gem ɗin daidai ba. Ba ina musun samuwar aljanu ba ne, wannan sanannen abu ne a addini. Amma gem lissafi ne da hotuna da sauti da mutane suka zauna suka rubuta, an buɗe cikin irin waɗannan gem an fassara su layi-layi, babu abin da ke ɓoye. Ita wannan jita-jitar ma tsohuwa ce, riga kawai take canzawa. An yi ta a kan kiɗan garin Lavender na gem ɗin Pokémon, aka ce yana kashe yara, ƙarya ce. An yi ta a kan Momo, wata fuska mai ban tsoro da aka ce tana sa yara cutar da kansu ta waya, a 2018 da 2019, alhali hoton wani sassaƙe ne da wani mai zane ya yi a Japan. Su kansu Japanawan sun sha wannan: a 1979 labarin wata mata mai tsagaggen baki ya game ƙasar har 'yan sanda suka ƙara sintiri, yara suna komawa gida rukuni-rukuni, kuma ba a taɓa tabbatar da samuwar matar ba.

Illar maganar ita ce tana rufe ido daga abin da ya kamata a duba. Ƙamewar nan da rawar hannu ita ce ta tsaya mini a tambayarka. Ranar 16 ga Disamba 1997 wani shirin katun na Pokémon a talabijin ya haska ja da shuɗi da sauri, aka kwashi mutane 685, mafi yawansu yara, zuwa asibiti a Japan. Akwai nau'in farfaɗiya da walƙiyar haske ke tayarwa, rashin barci kuma yana ƙara ta, ga yaro a duhu waya dab da ido. Ban ce ita ce ke damun ƙanenka ba, wannan hukuncin likita ne. Amma idan ita ce, aka ce iska ce, aka shiga turara masa hayaƙi a ɗaki rufe, ana matse shi ana tambayarsa "wane ne kai", wata shida za su wuce ba magani, kuɗi sun tafi, yaron kuma ya yarda a ransa cewa akwai wani abu a jikinsa. Wannan tsoron ya fi na gem ɗin nisa ba kusa ba. Mai cewa a kawo kuɗi kafin ya ga yaro, damfara ya zo yi. Addu'a da azkar na safe da yamma da Ayatul Kursiyyu kafin barci, ku da Mama kun iya su, ba a sayar da su, kuma ba sa hana zuwa asibiti.

Kai ma akwai naka. Mutane na ganin ƙananan hotunan tsohon gem su ɗauka na yara ne. Corpse Party a Amurka alamar M gare shi, wato shekara 17 zuwa sama, saboda yadda yake kwatanta kisan yara da murya da sauti. Idan da iyafis ya buga, ihun a cikin kunnensa ya ji shi. Dole ya ji tsoron banɗaki, domin makaranta da banɗaki wuraren da yake shiga kullum ne, da gangan masu gem ɗin suka zaɓe su.

Ka sa wa wayarka makulli. Ka zaunar da shi da rana ka nuna masa cewa mutane ne suka yi muryoyin a ɗakin ɗaukar sauti, ka raka shi banɗaki da fitila na 'yan kwanaki, kada a yi masa dariya. Firgitar dare takan lafa a hankali. Ƙamewar kuwa ku kai shi asibiti cikin makon nan, ka faɗa wa likita abin da yake kallo da tsawon lokacin da ya ɗauka, mai yiwuwa a tura ku gwajin EEG mai auna aikin ƙwaƙwalwa. Idan ta sake faruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, in ta wuce minti biyar a garzaya da shi asibiti nan take.