Tambaya da Amsa: Takalmin wasan jifan faifai, wanne ne mai ƙarko kuma mai sauƙin kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ya aiki ya iyali. Ni ɗan Kano ne ina karatu a Tampere ƙasar Finlan, abokan karatuna ne suka koya min wani wasa da suke ce wa frisbeegolf, su 'yan Amurka kuma disk golf, yanzu wallahi ya shiga raina kusan kullum sai na je in an tashi lakca. Toh matsalar takalmi ce, daga watan Mayu zuwa yanzu kambas biyu na kashe, kuma duka ƙafar dama ce ke ɓulewa daidai babban yatsa alhali ta hagu tana nan kamar yau aka sayo. Wani ya ce in sayi mai Gore-Tex, wato mai hana ruwa shiga, da na duba sai na ga ya haura Yuro 100, kuma ka san kuɗin ɗalibi. Don Allah wane iri zan saya wanda zai jima kuma ba zai cinye min kuɗin abinci ba? Daga ƙaninka a Tampere.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari tukuna in yi wa na gida bayani don na san wasu har sun fara cewa wane irin wasa ne kuma wannan. Faifan roba ne kamar murfin tukunya ake jefawa daga nesa, burin shi ne ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa a kan sanda, wanda ya kai da mafi ƙarancin jifa shi ya ci, galibi kwando 18 ake zagayawa ko 9, cikin daji da tudu da kwari da ciyawa. A Kalifoniya aka kafa filinsa na dindindin na farko a 1975, wani bawan Allah Ed Headrick shi ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa, amma yau in ka cire Amurka babu ƙasar da ta kai Finlan yawan filaye, har gasar duniya ta ƙwararru ta 2025 a Tampere da garin Nokia da ke maƙwabtaka da ita aka yi. Kaga kenan a tsakiyar gidan abin ka sauka.

Yanzu ga maganarka. Tunda ka ce ƙafar dama ce kawai ke ɓulewa a babban yatsa, ko ban gan ka ba zan iya cewa kai badame ne kuma jifan gefe ka fi yi, irin wanda yara ke yi in suna so dutse ya yi tsalle a kan ruwa. A wannan jifan ƙafar hagu ce ke cakewa a gaba, ta dama kuma tana biyowa tana jan ƙasa da kan yatsa. Da jifan bayan hannu ka fi yi, kamar za ka kai wa mutum mari da bayan hannu, da ta dama ce za ta cake ta juya a kan dunduniya, sai yatsan hagu ya dinga cinyewa da kuma dunduniyar dama. Wurin da ake tsayawa a yi jifan farko kuma a Finlan yawanci ciyawar roba ce aka shimfiɗa, sau da yawa da yashi a cikinta, a Amurka kuma kankare ne, duka biyun dai kamar samfefa suke ga takalmi. Ka lissafa, kwando 18 a rana, kusan kullum, kowane jifa sai ka goga wuri ɗaya, ai ko fatar kada ce sai ta nuna. Shi kuwa kambas ɗin gudu samansa raga ce mai laushi da aka yi don iska ta shiga, ba a yi shi don a ja shi a ƙasa ba, sati uku ma ya yi ƙoƙari.

Saboda haka in ka shiga shago kar ka fara da duba suna ko farashi, ka ɗauki takalmin ka dubi hancinsa. Abin da kake nema shi ne wanda robar ƙasa ta naɗo ta hau ta rufe yatsu kamar hula, ba ɗan siririn fenti mai sheƙi da aka shafa a kan raga ba, ka danna da babban yatsanka, in ya lotsa da sauƙi ka ajiye. Sai ka juya ka dubi tafin, ana so ya zama yana da haƙora matsakaita da za su riƙe jiƙaƙƙiyar ciyawa da gangara amma ba dogaye sosai ba, don in haƙoran suka yi tsayi sai su kama ƙasa lokacin da kake so dunduniya ta juya, ƙafa ta tsaya jiki ya wuce, gwiwa ce ke biyan bashin. Sannan ka kama shi da hannu biyu ka murɗa kamar mai matse wanki, in ya murɗe gaba ɗaya ba zai riƙe ka ba, in kuma ya ƙi motsi kamar katako zai gajiyar da kai don zagaye ɗaya ma kilomita uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne.

Irin waɗanda 'yan wasan suka fi sawa takalman hawan dutse ne gajeru waɗanda ba su rufe idon sawu ba, Adidas Terrex da Merrell Moab da Keen da Salomon, akwai ma wani kamfani Idio da ke yin takalmi musamman don wannan wasa amma shi ba na ɗalibi ba ne gaskiya. Sirrin shi ne kusan duk waɗannan suna fitowa iri biyu, mai Gore-Tex da mara shi, kuma maras shi ya fi araha. Ni a ganina kai da ke jan yatsa bai kamata ka biya kuɗin Gore-Tex ba, wata siririyar shimfiɗa ce a ciki da ke hana ruwa shiga, ranar da hancin takalmin ya ɓule shikenan ruwa ya samu ƙofa, kuma in ya shiga ya fi wuyar bushewa, ka biya kuɗin rufin kwano a ɗakin da ba ƙyaure. Gara ka sayi mara shi ka haɗa da safa mai hana ruwa irin su Sealskinz, ita safar ba ta gogar ƙasa, za ta ga bayan takalma biyu uku.

Abin da ya fi komai muhimmanci kuma shi ne mafi araha: gam. Akwai wani mai kauri da ake ce wa Shoe Goo, 'yan wasan sulu da katako mai taya sun daɗe suna amfani da shi. Tun takalmin yana sabo kafin ka fita da shi ka goge hancin ƙafar dama tas, ka shafa gam ɗin daidai inda tsohon ya ɓule, ka ɗauki ƙanƙara ka lailaye shi da ita don ba ta manne masa, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe. In ka ga ya fara cinyewa ka ƙara wani, gam ɗin ne zai dinga ƙarewa ba takalmin ba. Ba zai yi kyan gani ba kam, amma ai ba zance za ka je da shi ba. Kuma kar ka yi gigin amfani da sufa gulu, bushewa yake ya yi tauri ya tsattsage.

Wajen saye, ka jira lokacin ragi bayan Kirsimeti ko tsakiyar bazararsu, ka nemi samfurin bara, launi ne kawai ke canzawa yawanci. Ka leƙa Tori.fi, shafinsu na intanet na sayar da kayan hannu, da shagunan gwanjonsu da suke kira kirppis, turawa na sayen takalmin hawan dutse su sa sau biyu su ce ya matse su. In kuma za ka zo hutu gida ka shiga Ƙofar Wambai, takalman nan na zuwa cikin dilar gwanjo. Sai dai ka kula, takalmin da ya shekara da shekaru a ajiye wani lokaci soson tsakiyarsa ya riga ya mutu ko da samansa na ƙyalli, ka soka farce a gefen, in ya ruguje kamar busasshen burodi ko ka ji yana danƙo ka bar musu kayansu. Wanda ka saya kuma ka kai wa shumeka ya ɗora maka facin fata a hanci ya ɗinke zagayen, aikin da in a Tampere ne kuɗinsa kaɗai sai ya sa ka fasa.

TAMBAYA: Salam Malam, ni a jihar Minnesota ta Amurka nake da maigidana, mukan fita wasan da sassafe ranar Asabar, raɓa ce ke jiƙa min ƙafa tun kwando na biyu. Nima safar zan saya?

AMSA: Hajiya ke naki daban ne, in ba kya jan yatsa sosai toh Gore-Tex ɗin zai miki amfani don raɓa ce daidai aikinsa. Ki dai riƙe safa ta biyu a jaka, kuma in kin dawo ki cire shimfiɗar ciki ki cusa tsohuwar jarida a bar shi ya sha iska, kar ki ɗora a kan hita, zafi na sakin gam ɗin da ya riƙe tafin. A gaida maigida.

TAMBAYA: Yaya ina da but ɗin ƙwallo da ban cika sawa ba, zan iya wasan da shi?

AMSA: A'a ƙanena, kar ka soma. A kan kankare santsi zai kwashe ka, a kan ciyawa kuma ƙusoshin su cake su hana ƙafa juyawa. Ka bar shi don ƙwallo, in babu hali ko tsohon Vans ko wani kambas mai shimfiɗaɗɗen tafi da fata a sama ka sa a ranar da ƙasa ta bushe, ka shafa masa gam ɗin nan a hanci.